Yadda Alƙalan Gasa Suka Gajarta Shanu, Suka Kuma Dawo Suka Miƙar da Su

Akwai hotuna iri biyu a tarihin kiwon shanun nama na Amurka waɗanda idan aka jera su gefe da gefe, mutum zai rantse dabbobi ne daban-daban. Na farko na shekarun 1950 ne: baƙin bijimi gajere, mai faɗin baya kamar teburin mai shayi, ƙafafunsa sun nutse cikin ciyawa, gadon bayansa bai wuce ƙugun mutumin da ke riƙe da igiyarsa ba. Na biyu na ƙarshen shekarun 1980 ne: baƙin bijimi dai, amma dogo zanƙalele, wanda ke riƙe da shi ma da ƙyar ake hango kansa ta bayan dabbar. Dukansu jinsin Angus ne, sunayensu suna cikin kundin nasaba ɗaya, kuma kowannensu shi ne zakaran gasa a zamaninsa. Tsakaninsu shekara 30 da 'yan kai ne kacal.

A rayuwar shanu, shekara 30 zuri'a biyar ce ko shida. A cikin wannan ɗan lokaci ciyawa ba ta sauya ba, masara ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne ra'ayin mutumin da ke tsaye a tsakiyar fili, wato alƙalin gasa.

Ga wanda bai taɓa ganin irin wannan gasa ba, ga yadda take. Ana raba dabbobin aji-aji bisa jinsi da watan haihuwa, yawanci matasa ne 'yan wata shida zuwa shekara biyu: karsanoni a ajinsu, ƙananan bijimai a nasu, dandaƙaƙƙun da ake turkewa don yanka su ma a nasu. Kowane mai dabba yana jan tasa da igiyar da aka ɗaura mata a ka, a ɗaya hannun kuma yana riƙe da doguwar sanda mai ɗan ƙugiya a baki, da ita yake gyara wa dabbar tsayuwar ƙafa, yana sosa mata ciki don ta natsu. Su zaga fili, alƙali ya kalli tafiyarsu, ya shafa haƙarƙari ya ji kaurin kitse, ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. A Amurka, idan aka zo fitar da zakaran zakaru, alƙalin kan zaga ya zaga, sannan ya ɗaka wa wanda ya zaɓa tafi a ɗuwawu, sai wuri ya kaure da ihu. Duka hukuncin na 'yan mintuna ne. Amma bijimin da ya sha wannan tafi, shi kowa zai so ya yi wa shanunsa barbara a shekara mai zuwa, kuma ta nan ne ra'ayin mutum ɗaya ke shiga jinin dubban garkuna.

Asalin abin a Ingila ne, a ƙarni na 18. Kafin lokacin, sa dabbar huɗa ce, saniya kuma ta nono; sai sun tsufa ake yanka su. Wani manomi mai suna Robert Bakewell (1725 zuwa 1795), a gonarsa ta Dishley, shi ne ya fara kiwo da niyyar nama tun daga farko. Ya riƙa zaɓen dabbobin da ke da siffar da yake so, yana haɗa su da danginsu na kusa, uba da 'ya, ɗa da uwa, don siffar ta zauna. Wasu 'yan'uwa biyu, Charles da Robert Colling, suka ɗauki dabarar suka yi aiki da ita a kan shanun Shorthorn. Bijiminsu mai suna Comet, wanda aka sayar gini 1,000 a 1810 (gini ɗaya fam ɗaya ne da sule ɗaya), ubansa shi ne kuma uban uwarsa. A wancan zamani wannan abin alfahari ne. Mu riƙe shi a rai, domin zai dawo.

Daga garken Charles Colling ɗin ne aka sami San Durham, wanda aka haifa a 1796. Dandaƙaƙƙen sa ne da nauyinsa ya haura tan ɗaya. Wani mutum mai suna John Day ya saye shi, ya sa shi cikin keken da aka ƙera masa musamman, ya yi ta yawo da shi garuruwan Ingila da Sikotilan daga 1801 har zuwa 1807, mutane suna biyan kuɗi su kalle shi. Sai da ƙugunsa ya goce a Oxford sannan aka yanka shi. An buga hotonsa a takarda, an zana shi a jikin faranti, kuma har yau akwai mashaya da dama a Ingila masu ɗauke da sunansa. Ba a taɓa yi wa wani jinsin shanu talla irin wannan ba.

A daidai wannan lokaci aka kafa Ƙungiyar Smithfield a Landan, a 1798, ta kuma yi baje kolinta na farko a watan Disamba na 1799, dab da Kirsimeti, lokacin da mahauta ke neman naman kece raini. Shanun da ke cin gasa a shekarun farko manya ne, 'yan shekara biyar ko shida, kitse ya yi musu katutu har tafiya tana yi musu wuya. Akwai dalili: da kitsen ake yin kyandir da sabulu, kuma leburan da ke aikin ƙarfi tun asuba nama mai maiƙo yake nema. To amma tun a wannan mataki an fara ƙarin gishiri. Masu zane suna fito da shanun kamar akwatin ƙarfe da aka dasa wa tsinken ƙafafu da ɗan mitsitsin kai. Thomas Bewick, shahararren mai sassaƙa hotuna na zamanin, ya koka a tarihin rayuwarsa cewa masu dabbobi suna matsa masa ya ƙara kitse inda idonsa bai ga kitse ba. Waɗannan zane-zane su manoma na nesa suke gani, su kuma suke ƙoƙarin kwaikwaya da dabba mai rai.

A 1822 George Coates ya wallafa kundin nasabar Shorthorn, na farko a duniya ga shanu. Kowace dabba da sunanta, da lambar ubanta, da sunan uwarta. Mai irin sana'ata, rubuta manhajar kwamfuta, idan ya ga tsarin nan zai gane shi nan take: rumbun bayanai ne, kowane layi yana nuni zuwa wasu layuka biyu da suka gabace shi. Hereford suka sami nasu kundin a 1846, baƙaƙen shanun Sikotilan marasa ƙaho kuma a 1862. Abin lura shi ne, kundin yana rubuta wa ya haifi wa ne kawai. Ba ya rubuta ko dabbar ta yi saurin girma, ko ta haihu lafiya. Wannan gurbi, filin gasa ne ya cike shi.

Babu jinsin da gasa ta ɗaukaka kamar Angus. Hugh Watson na Keillor ya fara tara garkensa a 1808, bijiminsa Old Jock shi ne lamba ɗaya a kundin, saniyarsa Old Granny kuma ta haura shekara 30 a duniya, ta haifi 'yan maruƙa fiye da 20. Amma wanda ya fitar da jinsin duniya shi ne William McCombie na Tillyfour. A 1867 sansa mai suna Black Prince ya lashe gasar Birmingham da ta Smithfield, har aka kai shi fadar Windsor don Sarauniya Biktoriya ta gan shi. A 1878 kuma rukunin matasan shanunsa ya zo na ɗaya a babban baje kolin Faris. Shekara biyar kafin wannan, a 1873, George Grant ya riga ya tsallaka da bijimai huɗu zuwa jihar Kansas, inda makiyaya suka riƙa kallonsu a matsayin abin al'ajabi, don ba su saba ganin sa baƙi ba ƙaho ba.

A Amurka ne labarin ya koma na matasan shanu. Birnin Shikago, inda babbar kasuwar kara da manyan mayanka suke, ya fara gasar shanun turka a 1878, sannan a 1900 aka buɗe babban baje kolin dabbobi na ƙasa da ƙasa wanda ya ci gaba har 1975. Wanda ya fara zama zakara a can, sa ne na Angus mai suna Advance, aka sayar da shi dala ɗaya da rabi kowace laba, laba kuwa ta ɗan gaza rabin kilo.

Kasuwa ta riga ta fara juyawa a lokacin. Kananzir da man girki na tsirrai sun rage wa kitse daraja. Iyalan birni ƙanana ne, matar gida tana son yankan nama daidai tukunyarta. Ƙasar noma ta yi tsada, babu mai son ya ciyar da sa shekara huɗu kafin ya ga kuɗinsa, ga shi kuma kowane mai turka ya san ƙaramar dabba ta fi babba mayar da abinci nama. Sai aka fara neman dabbar da za ta yi ƙiba ta isa yanka tun tana 'yar wata 12 zuwa 18. Suka raɗa wa abin suna da za a iya fassarawa da naman jariri. Hukumomin gona suka kafa ƙungiyoyin yara a ƙauyuka, waɗanda daga baya suka haɗu ƙarƙashin sunan 4-H: a ba yaro ko yarinya maraƙi, ya ciyar da shi, ya rubuta abin da ya kashe, ya kai shi gasa. Hikimar ita ce, uban da ya ƙi sauraren malamin gona zai saurara idan maraƙin ɗansa ya fi nasa. A 1928 wani yaro ɗan shekara 12 daga jihar Iowa ya kayar da manyan makiyaya da jami'o'i a Shikago da sansa na Hereford, attajirin nan mai kantuna J. C. Penney ya saye shi dala 7 kowace laba.

Har nan babu laifi. Buƙatar ta gaskiya ce, kuma gasa ta isar da saƙon ga manoma fiye da yadda kowace takarda za ta isar. Matsalar tana cikin yadda alƙali zai gane dabba mai saurin ƙiba da ido kawai. A halittar shanu, wadda ke tara kitse da wuri yawanci ita ce wadda ba ta da girman jiki idan ta manyanta. Saboda haka gajerun ƙafafu, gajeren wuya, da dunƙulallen jiki suka zama alamar da ake dubawa. Alƙali ya jera maruƙa goma, ya ɗauki wanda ya fi gajarta. Badi kowa ya zo da 'ya'yan wannan, ya sake ɗaukar wanda ya fi gajarta a cikinsu. Ba wanda ya taɓa zama ya ce ga inda za a tsaya. Gasa ba ta san ya isa ba, na ɗaya da na biyu kawai ta sani.

Zuwa ƙarshen shekarun 1940, makiyayan da kansu suna kiran zakarun da sunan shanun bakin ɗamara, don iyakar tsayinsu ke nan a jikin mutum. Dabaru suka yawaita. A tula ciyawa a ƙasa kafin a ɗauki hoto don ƙafafu su ɓace. A ajiye wa maraƙin gasa saniyar madara ta musamman, ya yi ta tsotso har ya wuce shekara, wani lokacin ya kusa kai ta girma. Wato an daina tambayar ko uwarsa ta haihuwa tana da nonon da za ta shayar da shi, alhali wannan ita ce tambaya ta farko ga duk mai garke.

Sai aka fara haifar wadanni.

Maraƙin yakan fito da gajerun ƙafafu ƙwarai, goshi a kumbure, haɓar ƙasa ta zarce ta sama, ciki ya yi tulu, yana numfashi da ƙyar kamar mai minshari. Yawancinsu kumburin ciki ke kashe su kafin su girma. A farkon shekarun 1950 abin ya zama annoba a garkunan Hereford, ya kuma taɓa Angus. Da farko ɓoyewa aka yi ta yi. Mai garken da ya ga wada a garkensa ya san idan labari ya fita, bijiman da yake sayarwa da tsada sun koma kuɗin nama, don haka sai ya haƙa rami bayan gari ya yi shiru. Wannan shirun ne ya ba cutar shekarun da ta yaɗu.

Yadda take gadon mai sauƙin fahimta ne. Kowane maraƙi yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Idan ɗaya ce kawai mai lahani, dabbar lafiyarta ƙalau, sai dai tana ɗauke da ita. Idan mai ɗauke da ita ya haɗu da mai ɗauke da ita, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai fito wada, biyu su ɗauka, ɗaya ya tsira. Masana da dama suna ganin masu ɗauke da ƙwayar sukan ɗan fi sauran dunƙulewa, wanda ke nufin shekara da shekaru alƙalai suna ɗaga hannun masu ɗauke da cutar ba tare da sun sani ba. Ga kuma gadon Bakewell na haɗa dangi da dangi, wanda ke sa ƙwaya ɗaya ta zagayo ta haɗu da kanta. Da ƙungiyar masu Hereford ta Amurka ta tsaya bin diddigi, tana tattara rahoton kowane wada tana bin nasabarsa baya, layukan suka yi ta komawa ga bijimi ɗaya mai suna St. Louis Lad, wanda aka haifa a 1899. Kundin nasabar da bai rubuta komai game da lafiya ba, shi ne ya ba da damar kama bakin zaren.

Gano mai ɗauke da ita tun yana raye ya fi wuya. Wani masani a jami'ar Kalifoniya, Paul Gregory, ya ƙera na'urar auna tudun goshin bijimi, wasu suka gwada hoton ƙashin baya, amma ba wadda aka iya dogara da ita ɗari bisa ɗari. Hanya tabbatacciya ita ce gwajin barbara. A haɗa bijimin da ake tuhuma da shanun da aka san suna ɗauke da ƙwayar, a jira wata tara. Idan yana ɗauke da ita, yiwuwar kowane maraƙi ya fito lafiya uku cikin huɗu ce. A ninka uku cikin huɗu sau 16, abin da zai rage kusan ɗaya cikin ɗari ne. Wato sai bijimi ya haifi lafiyayyu 16 a jere daga irin waɗannan shanu kafin a ce an yarda da shi, shi ma da ɗan ragowar shakka. A lissafa kuɗin riƙe shanun, da shekarar da za a yi ana jira, a kan bijimi ɗaya tak. Garkuna da aka yi shekara 40 ana ginawa sun watse a gwanjo, domin kawai wani suna ya fito a nasabarsu. Sai wajen tsakiyar shekarun 1960 ƙura ta lafa.

Ko a Sikotilan, mahaifar Angus, yayin gajerun ya yi ƙarfi, domin masu saye daga Amurka da Ajantina su ke da kuɗi, abin da suke so shi ake haifa musu. A gwanjon bijimai na garin Perth a 1963, wani matashin bijimi mai suna Lindertis Evulse, ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni, ya tashi a gini 60,000, farashin da ba a taɓa jin irinsa ba. Aka kai shi Amurka. Ashe ba ya haihuwa.

Duk wannan lokaci akwai wasu mutane a gefe da ba ruwansu da filin gasa. A tashar binciken gwamnati ta Miles City a jihar Montana, tun 1934 aka ware wani garken Hereford da ake kira Layi na Ɗaya, ana zaɓen iri a cikinsa da sikeli: wane maraƙi ne ya fi ƙara nauyi. Jay Lush na jami'ar jihar Iowa ya fitar da littafinsa kan tsarin kiwon iri a 1937, inda ya mayar da batun lissafi. Makiyayan gasa sun daɗe suna yi wa waɗannan shanu kallon marasa fasali. Bayan annobar wadanni, sai ga su suna neman irinsu.

Ƙofa ta biyu ta buɗe daga Turai. Shanun Charolais na Faransa, farare manya masu tsoka, da Simmental da Limousin, suka fara shigowa ta Kanada a shekarun 1960. Masu wuraren turka na zamani, da ke ciyar da dubban shanu lokaci ɗaya, sun gaji da dabbar da ke daina girma ta koma tara kitse tun tana ƙarama. A 1969, a Shikago, alƙali Don Good na jami'ar jihar Kansas ya ba wani sa ruwa biyu, Charolais da Angus, mai suna Conoco, kambun zakara. Tafi ɗaya, saƙo ya isa ko'ina: a ƙara tsawo.

Abin da ya biyo baya shi ne wancan labarin dai, an juya shi. Aka fito da ma'aunin tsayin ƙugu gwargwadon watannin dabba, aka mayar da shi maki. A wannan karon ma har da lamba a hannu, ba ido kaɗai ba, amma lamba ɗaya ce, kuma kowa ya bi ta a guje. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 akwai bijimin Angus da ya ci gasar Denver tsayinsa ya kai santimita 165. 'Ya'yan irin waɗannan sukan yi wa karsana girma a ciki, haihuwa ta zo da gardama, a kwana ana ja. Uwayen suna cin abincin da makiyaya mai ƙarancin ruwa ba za ta iya ba su ba. Mayanka kuma, waɗanda tun ƙarshen shekarun 1960 suka koma yanka nama suna shirya shi cikin kwali, suka ga yankan ya fi ƙarfin kwalin. A shekarun 1990 aka sake ja da baya zuwa matsakaici.

A fagen tattalin arziki akwai wata lura da ake jingina wa Charles Goodhart tun 1975, cewa da zarar an mayar da ma'auni abin da ake tsere a kai, ya daina auna abin da aka ƙirƙire shi dominsa. Masu rubuta manhaja sun san wannan a aikace: duk kamfanin da ya ce zai auna ƙwazon ma'aikaci da yawan layukan da ya rubuta, zai sami layuka masu yawa da manhaja mai nauyi. Gajarta alama ce ta saurin ƙiba, tsawo alama ce ta saurin girma, kowace kuma gaskiya take faɗa har ranar da aka fara raba kyauta a kanta.

Wanda ya karɓe ragamar daga hannun alƙali masanin lissafi ne, Charles Henderson na jami'ar Cornell. Tambayar da ya fuskanta ita ce: maraƙin nan ya yi nauyi don jininsa ne, ko don ya sami dusa da saniyar madara ta musamman? Tun wajen 1950 ya tsara hanyar da za a raba tasirin gado da tasirin kulawa, ta hanyar kwatanta kowace dabba da abokan garkenta, sannan a haɗa da bayanan duk danginta a sauran garkuna. Matsalar ita ce girman lissafin. Ana buƙatar jadawalin dangantakar kowace dabba da kowace dabba, sannan a juya shi. Shanu miliyan ɗaya na nufin gurabe tiriliyan ɗaya, abin da kwamfutocin lokacin ba za su ko kusanta ba. A 1976 Henderson ya nuna cewa ana iya rubuta juyayyen jadawalin kai tsaye daga jerin uba da uwa, ba sai an gina na asalin ba, kuma yawancin gurabensa sifili ne. A ganina wannan yana cikin dabarun lissafi mafi kyau da aka taɓa yi wa aikin gona, kuma abin da ya ci shi ne ainihin tsarin da Coates ya shimfiɗa a 1822. Daga nan kowane bijimi ya sami jerin lambobi da ke hasashen yadda 'ya'yansa za su kasance: nauyin haihuwa, nauyin yaye a kwana 205, nonon 'ya'yansa mata, tsarin kitse cikin tsoka. Da aka zo karanta dukkan ƙwayoyin gadon saniya a karon farko, aikin da aka wallafa a 2009, saniyar da aka zaɓa 'yar Layi na Ɗaya ce ta Miles City.

Kada a ɗauka lambobi sun kawar da haɗarin. Tunda ana iya daskarar da maniyyin bijimi a raba shi duniya, wanda lambobinsa suka yi kyau yana iya haifar dubban 'ya'ya, fiye da duk wani zakaran Shikago. A 2008 aka fara samun 'yan maruƙan Angus da ake haifa a mace, ƙashin baya a murɗe, ƙafafu a sandare. Aka bi nasaba, ta kai ga wani bijimi da aka yi rububinsa saboda lambobinsa, mai suna Precision 1680. Ƙwaya ɗaya ce mai lahani, ɗaya cikin huɗu, kamar dai ta wadanni. Bambancin shi ne, wannan karon Jonathan Beever na jami'ar Illinois ya gano wurin lahanin, cikin 'yan watanni aka sami gwajin da gashin wutsiya ko ɗigon jini ya isa, ba sai an jira shanu 16 sun haihu ba.

Yau filin gasa yana nan, ya ma fi da armashi, sai dai a Amurka ya zama kusan wata sana'a mai zaman kanta. Akwai shanun da ake haifa don gasar yara kawai, kuma abin da ake tsere a kai yanzu har da gashi. A ajiye maraƙi a ɗaki mai sanyi da fanka duk tsawon bazara don gashinsa ya yi tsawo, a wanke shi kullum, a busar da na'ura, ranar gasa a shafa wa gashin ƙafafu gam a tayar da shi, a bi da almakashi a sassaƙa siffar da ake so. A 2013 hotunan irin waɗannan shanu daga Iowa sun karaɗe intanet, mutane suna mamakin saniya kamar 'yar tsana. Zanen da Bewick ya ƙi yi a takarda ne ake yi a jikin dabbar. Wasu manyan gasanni a jihar Texas, kamar ta Houston, sun hana wannan: dole a aske san turka kusan ƙwal kafin ya shiga fili. Kuɗin kuwa ya wuce misali. A 2022 zakaran Houston ya tashi a dala miliyan ɗaya, kodayake kaso ne kawai ke zuwa hannun yaron, sauran yana tafiya asusun tallafin karatu. Bayan gwanjo san yana wucewa mayanka kamar kowane sa.

A Sikotilan, gwanjon Perth ya koma garin Stirling tun 2009. Har yanzu ana yin gasa kafin a fara ciniki, alƙali ya jera matasan bijimai, zakara ya sami kyallensa, kuma kyallen yana ƙara kuɗi. Amma masu saye suna zaune da littafin gwanjo a hannu, kowane bijimi da jerin lambobinsa a ƙarƙashin sunansa. Kafin a bar ɗayansu ya shiga fili kuma, sai likitan dabbobi ya duba masa haƙora da idanu, ya sa awo ya auna marainansa.